Shekarar da Na Ƙi Bin Ruwan Fari

Shekarar da Baba ya bar mini gonar arewa, ruwan fari ya sauka a Cadawa da la'asar, mai ƙarfi. Washegari gari duk ya fita da sungumi. Ni kuwa na tsaya, don radiyo ta karanto sanarwar ma'aikatar meteyo, masu hasashen yanayi, daga Yamai, cewa bayan wannan ruwa sama za ta ɗauke na wani lokaci, a yi hattara da iri.

Yayana ya tarar da ni ina zagaya rumbu.

"Mutanen Yamai ne za su ji maka danshin gonarka? Ɗauko iri mu tafi."

"Ku je, Yaya. Ni zan ɗan jira."

Ya tafi da iyalinsa, ni kuma zama ya gagare ni. In na shiga ɗaki sai in fito in dubi gabas. In na je gona sai in tona ƙasa, in dunƙula, in watsar. Matata ta ce kaiwa da komowata na sa ta jiri. Daga ƙarshe na hau mota zuwa Agiye, buron noma, wato ofishin malaman gona, inda aka kafa ma'aunin ruwa a tsakar fili.

"Malam, ku ne kuka ce kar a shibka?" na tambayi ma'aikacin da na iske.

Ya ce shi awo kawai yake yi. Kowace safiya yakan duba abin da ya sauka, ya aika Maraɗi, Maraɗi ta miƙa Yamai. Can ake haɗa na ƙasa duka da abin da na'urori suka hango a sama.

"To ruwan zai ɗauke ko ba zai ɗauke ba?"

"Sun ce ya fi yiwuwa ya ɗauke. Ba su rantse ba."

Na dawo da zullumin da ya fi wanda na tafi da shi. Na shibka rabin gona, na ɗaure bakin buhu.

Ruwa ya ɗauke. Hatsin ya tsiro, ya murɗe, ya bushe, nawa da na Yaya duka. Kullum sai mun haɗu a bakin gona, kowa na kallon wani gefe.

Da hadari ya dawo, na raba sauran irin biyu na kai wa Yaya rabi har gida, don shi duk nasa ya shibka. Ya daɗe yana juya shi a tafin hannu, sannan ya kira matarsa ta kawo ƙwarya. Da safe gonarsa muka fara, yana sara ina zubawa, muna sauri kafin rana ta shanye danshin.