Hular da Ta Faɗi a Barandar Asibiti

Dattijon nan da ke wuce ni a barandar asibiti bai yi kama da mai gudu ba. Gemu fari fat, riga ta sha guga. Ina jin ya shekara arba'in bai ɗaga ƙafa a gaban mutane ba. Yau ga shi gudu-gudu sauri-sauri, rungume da ledar jini a ƙirji kamar jariri.

"Baba, a hankali mana!" in ji wata nas.

"'Yata ce a ɗakin haihuwa," ya ce, ko waigowa bai yi ba.

Hularsa ta faɗi a bakin ƙofa, ya bar ta nan.

Na ɗauka, ta jiƙe sharkaf da gumi. Har yanzu tana hannuna, ina fargabar fuskar da zai fito da ita.