Kwalbar da Na Kai wa Malam Garba

Muna cikin dashen shinkafa da hantsi, sai na hango Sale mai babur ya tsaya a kan gaɓar kanal yana ɗago mini hannu. Na ƙwala masa cewa in turin babur ne, yau ba ni da ƙarfi. Bai yi dariya ba. Ya gangaro har bakin gona ya ce, "Isiya, fito. Malam Garba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na Allah ne mu, gare shi kuma za mu koma, da mai wasa da mai kamun kai.

Ba zan ɓoye ba, bayan salati abin da ya fito daga bakina hamdala ce. Malam ya shafe watanni a kwance, ciwo ya cinye shi har sai an juya shi. Allah ya hutar da bawansa. Hamdala ta biyu kuwa tawa ce ni kaɗai, kuma ita ce dalilin wannan rubutu.

Malam Garba malamin kimiyya ne a ƙaramar sakandaren garinmu, nan ƙasar Bunkure. Ni ban taɓa zama a ajinsa ba. Karatuna na allo ne, a zauren Alaramma, in an tashi in koma gida in bi Baba gona. Sanin da na fara yi masa na tsokana ne. Kullum akwai guntun sabulu a aljihunsa, ƙunshe a leda, ko tsire zai ci sai ya nemi buta. Ni na raɗa masa Malam Sabulu, sunan ya bi gari har matan aure suka ɗauka. Ranar da ya ji, bai ɓata rai ba. Cewa ya yi, "A gaya wa mai raɗin suna na gode, da ma ina tsoron a ce Malam Datti."

A lokacin, mu samarin bakin kanal mun yarda da wani abu da muka gada daga yayyenmu: yaro bai zama namiji ba sai ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa. Har gasa muke yi a bayan katangar makarantar boko. Wanda nasa ya fi ja a ɗaga hannunsa. Ƙanena Habu, yana ɗan shekara goma sha uku, shi ne gwanin unguwarmu, kuma ni da kaina na naɗa shi sarkin maza. Ni kuwa da na girme shi da shekara uku, nawa fari tas. Abin yana cina a rai, ban taɓa gaya wa kowa ba.

Malam ya san tsargiya ce, cutar da tsutsarta ke fitowa daga dodon koɗin da ke maƙale a ciyawar bakin ruwa, ta huda fatar mai wanka. Ya yi bayani a aji har ya gaji, yara na fita su faɗa kanal. Sai ya sake dabara, ya kafa ƙungiyar kiwon lafiya ta ɗalibai, ya miƙa musu aikin. Ya kan ce, "Ni ina magana a aji, cutar tana bakin ruwa. A can kuwa ba a jin babba, sai sa'a." Wata safiya ya zo zaurenmu, ya cire takalmi, ya durƙusa gaban Alaramma.

"Allah ya gafarta Malam, yaranka da nawa ruwa ɗaya suke shiga. Ina roƙon a ba ni babba ɗaya ya shiga cikinmu."

Alaramma ya nuna ni da carbi. "Ɗauki wanda kake so, ban da wancan. Wancan ko ni ya ishe ni. Jiya kwaɗo ya sa mini a gafaka."

"Shi nake so," in ji Malam. "Wanda ya iya sa su dariya, zai iya sa su sha magani."

Aikin farko da ya ba ni shi ne 'yan kwalaben roba. Malamin asibitin garinmu zai zo ya duba fitsarin yara, maganin da ke hannunsa kuma bai da yawa, don haka waɗanda aka samu da cutar za a fara ba wa. Ni zan raba wa 'yan zaurenmu, in rubuta sunan kowa da ajami a jikin kwalbarsa, in tattaro. To, baki ba ya barina. Ina rabawa ina ce musu duk wanda aka ga ja a nasa, allurar shanu za a yi masa, irin wadda makiyayan bayan gari ke soka wa bijimi. Aka yi ta dariya. Habu bai yi ba. Ya biyo ni bayan gida idonsa cike da hawaye.

"Yaya, don Allah ka cece ni. Wallahi ba zan iya allurar nan ba."

Da na ce masa ƙarya nake, da magana ta ƙare. Amma sai wata dabara ta faɗo mini, ta kuma yi mini daɗi. Na zuba nawa a kwalbar da ke da sunan Habu. Tawa kuwa na cika ta da zoɓon Inna, na sirka da ruwa. Ga shi na ceci ƙanena, ga shi kowa zai ga nawa ya fi na kowa ja.

A ƙarƙashin darbejiyar makaranta aka jera kwalaben. Malam ya ɗaga tawa ya duba a rana, ya buɗe, ya kai hanci.

"Isiya, tun yaushe kake fitsari da citta da kanumfari?"

Wurin ya kece da dariya, har malamin asibiti sai da ya dafa tebur. Ni ma na yi, don abin da na zo nema ke nan. Da aka watse Malam ya ja ni gefe. Ya ce wasan ya yi kyau, shi ma ya dara. Sannan ya rage murya. "Naka na gaskiya fa, ina ka kai shi?" Na ce zubarwa na yi. Sai ya ce, "To. In ka tuna wani abu, ka san ajina, ka san gidana."

Ranar ba da magani aka kira sunaye, babu Habu. Babu kuma allura. Kunu aka ba kowa ya sha, aka bi shi da ƙwayoyi. Habu ya ja rigata ya ce, "Yaya, ashe ba allura ba ce? In je in ce a ba ni?" Na make masa hannu na ce ya rufe mini baki. In ya je asirina ya tonu, ga bulalar Baba, ga ta Alaramma, ga kunyar Malam. Na ce da raina ai mun daɗe da abin nan, bai kashe kowa ba.

Haka makonni suka wuce. Waɗanda suka sha magani fitsarinsu ya washe. Habu kuwa sai in ji shi a makewayi yana nishi kamar mai ɗaga buhu. Idonsa ya yi fari, ya daina cinye tuwonsa. Inna ta yi ta jiƙa masa saiwa tana cewa shawara ce, tunda ai an gwada shi a makaranta an ce lafiyarsa lau. Duk lokacin da ta faɗi haka sai in tashi in bar wurin.

Ranar da abin ya kai maƙura muna tsinkar tumatir ne a wata gona ta wajen Kadawa. Habu ya sunkuya zai ɗaga kwando, sai ya zauna a cikin kunya, ya kasa tashi. Leɓensa ya bushe. Na bar shi wurin mai gonar, na tari babur har makaranta. Malam na tsaye gaban allo. Daga bakin ƙofa, a gaban yaran da kullum nake yi wa dariyar wandon makaranta, na ce, "Malam, na tuna. A kwalbar Habu na zuba."

Bai tambaye ni komai ba. Ya ajiye alli, ya ce da shugabar ƙungiyar ta riƙe ajin, ya tayar da tsohon babur ɗinsa. Muka koma gonar, muka sa Habu a tsakiya, ni a baya ina tallafe da shi, har asibiti a Kura. Duk tsawon hanyar ko kalma ɗaya bai ce mini ba, kuma na gwammace da zagina ya yi.

Aka shiga da Habu, muka zauna a benci. Baba ya iso da laka a ƙafarsa. Ban san tsawon zaman da muka yi ba kafin likita ya fito ya ce jinin yaron ya yi ƙasa ƙwarai, cutar ta daɗe tana cin mafitsararsa, amma an kawo shi da sauran dama, zai tashi in Allah ya so. Na sauko daga bencin na zauna a ƙasa ina hamdala. Baba ya juya ga Malam ya ce yaya aka yi gwajin makaranta bai gani ba. Malam ya ce, "An yi kuskure a wajen kwalabe, Alhaji, kuma ni na ba da aikin." Bai yi ƙarya ba, bai kuma miƙa ni ba.

Sai da Habu ya fara cin abinci Malam ya yi mini magana. "Ban rufa maka asiri don ka ji daɗi ba. Mahaifinka kai za ka gaya wa da bakinka. Yaran bakin kanal ma haka. Kai ka naɗa sarkin maza, kai za ka tuɓe shi." Na gaya wa Baba, na kuma sha abin da na sha. Ran Juma'a bayan an sauko na tara samarin a bakin ruwa na ba su labarin tun daga zoɓo. Sun yi dariya har da faɗuwa, sai da na kai wurin kwandon tumatir suka yi tsit. Daga ranar duk wanda ya yi taƙama da jan fitsari, sai in bi shi ina tafi ina kiransa mai gidan tsutsa, har ya gaji ya je a duba shi.

Malam bai kore ni daga ƙungiya ba. Sandar awo ma ya damƙa mini, wadda aka shafa wa launi daban-daban, yaro ya tsaya a jikinta a san ƙwaya nawa zai sha. 'Yan matan sakandare suka ɗauki aikin butocin wanke hannu da dama kunun ranar magani, mu kuma muka riƙa nome ciyawar wurin da yara ke sauka, muna kora ƙanana zuwa famfon burtsatse. Ba zan ce cutar ta bar garinmu ba, manomin rani dole ya taɓa ruwa. Amma an daina yi mata kirari, kuma yanzu yaro da kansa yake zuwa ya ce a duba shi.

Kwana goma kafin rasuwarsa na je gaishe shi. Muryarsa ta yi ƙasa, sai na kai kunne. Tambayarsa ta farko ita ce wa ke riƙe da ƙungiya bana, na gaya masa, ya gyaɗa kai. Na ce, "Malam, ka yafe mini. Da sunan da na sa maka, da kwalbar nan." Ya yi murmushi ya ce, "Shaƙiyyi. Ai tun a kan babur na yafe. Shirun da na yi maka, addu'a nake kada tayar baya ta fashe."

An yi masa sutura bayan azahar. Ɗalibansa na da da na yanzu suka cika layin, ga mu 'yan zaure, ga iyaye. Da aka ɗaga makara na kutsa zan kama gaba, sai na ji an ture ni da kafaɗa. Habu ne, wanda yanzu sai na ɗaga kai nake ganin fuskarsa, mai ɗaukar buhun shinkafa shi kaɗai.

"Yaya, matsa baya. Kai gajere ne, za ka karkatar da Malam."

Na matsa. Na bi bayansa har maƙabarta ina kallon faɗin kafaɗunsa, ina kuka, ina gode wa Allah.

Ya Allah ka jiƙan Malam Garba, ka yafe masa kurakuransa, ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa haƙurin wannan rashi, ka tsaya musu, ka raya su cikin lafiya da albarka kamar yadda ya tsaya wa 'ya'yan mutane. Mu kuma da muka saura, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.