Danjar Baya

Ƙiris-ƙiris na fara ji, ina tankaɗen gari a tsakar gida. Daga cikin motar maigidana sautin ke fitowa, tsohuwar a-kori-kura da ya loda wa buhunan wake don kaiwa kasuwar Sabon Birni. Tun da ɓarayin daji suka taso mu daga ƙauyenmu na wajen Tozai muka dawo Isa, motar nan ce gonarmu, ita ce kuma rumbunmu.

Na ce, "Malam, ɓera ya shiga motarka."

Ya yi dariya ya ce, "Bar shi, in mun isa Sabon Birni shi biya kuɗin mota."

Da la'asar maƙwabcinmu ya leƙo ya ce masa danjarsa ba ta kamawa, wato jar fitilar nan ta baya mai haske idan an taka birki. Nan take dariya ta ƙare. A hanyar nan ba mai tafiya shi kaɗai. Ayari ake yi, motar sojoji a gaba, kowa manne da na gabansa cikin ƙura, da gudu. Danjar na gabanka ce ke gaya maka ya tsaya. Wanda tasa ta mutu, direbobi ba su yarda su bi shi, sai a mai da shi can ƙarshe. Kowa a garin kuma ya san abin da ke samun motar ƙarshe.

Malam ya ɗora ni a kujerar direba, ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba. Ɗiyarmu, wadda lokacin ba ta shiga firamare ba, ta tsaya a baya tana dubawa.

"Taka!"

Na taka.

"Baba, ba ta kama ba."

Ya kwance ƙwan fitilar ya ɗaga shi ga rana, zarensa lafiya lau. Ya ciro fis ɗin wutar, shi ma bai ƙone ba. Ya kwanta rigingine ƙarƙashin ƙafafuna yana latsa ɗan makunnin da ke bayan birkin, gumi na zuba cikin kunnensa. Na tuna masa ɓeran. Ya bi waya da yatsa har ya tarar da inda aka gwigwiye ta, ya haɗa, ya naɗe da salatef.

"Ta kama! Ta kama!" Yarinya har da tsalle. Na yi hamdala, na sauka na ɗora tuwo.

Da safe a tasha danjar ta sake mutuwa. Wanda ya zo mana da labarin ya ce shugaban direbobi ya ce wa Malam, "Ka yi haƙuri, ka koma baya, ko ka bari sai wani mako." Waken na mutane ne, ya yi alkawari. Ya ce, "Za ni tahi. Allah na baya kamar yadda yake gaba."

Kafin azahar ɓarayin daji suka tare su. Ayari ya wuce, shi bai wuce ba. An tarar da motar a gefen hanya, ƙofa buɗe, takalminsa ɗaya a ƙasa.

Ƙanensa ya jawo ta gida. Ta yi damina guda a tsakar gidan, kaji na kwana a ƙarƙashinta, mu kuma muna jiran kiran waya daga daji. Na yi ta tsayuwar sallah, na roƙi Allah har na rasa kalmomin roƙo. Da aka yanke shawarar sayar da ita don a nemo shi, aka kira bakanike ya gyara abin da ke gyaruwa. Ya ɗaga kujera, sai ga wani wurin da ɓeran ya ci, bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Waya biyu ya murɗa. Ban gama ɗauraye kwanon da ke hannuna ba ya ce, "Hajiya, ko za a taka min birki?"

Na shiga na zauna. Kujerar har yanzu tana da ramin zamansa. Na taka.

Ban san yarinyar ta zagaya baya ba, sai muryarta na ji.

"Inna, ta kama. A gaya ma Baba shi dawo, yanzu za su bar shi shi shiga tsakiya."