Jan Ɗigo a Ƙirjin Ladan

A shekarar da aka kulle gari saboda annoba, ni mai gyaran rediyo ne a wani ƙauye kusa da Kunci. Allo na yi, ban yi boko ba. Sunayen kayan gyara ma da ajami nake rubuta su a jikin gwangwani. Da aiki ya tsaya, sai na koma wasa da matattun injinan kallon faifan bidiyo. A cikin kowanne akwai 'yar ƙwaya mai fitar da jan haske, ita ake kira leza. Na ƙona da yawa kafin na gane ba a haɗa ta da batir kai tsaye, sai an yi mata ɗan allon da zai auna mata wuta. Da na sa mata gilashi a gaba, hasken ya tattaru ya zama ɗigo ɗaya kamar jini. Na yi murna ranar, kuma har gobe ba na jin kunyar wannan murnar.

Abin kunyar daga baya ya zo. Na ɓoye ta a hannun riga na haska bangon rumfar mai shayi, mutane suka watse suna salati. Sai na ga akwai abinci a cikin tsoronsu. Na soma bin ƙauyukan da ba a san ni ba, a matsayin mai gano ɓarawo. A rufe zaure, a zaunar da waɗanda ake zargi, in yi ta motsa baki, in danna lezar a ɓoye. Wanda ɗigon ya sauka a ƙirjinsa, shi ke nan. Sharaɗina ɗaya: kada a kunna turare.

A wani ƙauye wajen Watari an fasa rumbu. Ban san kowa ba, sai na zaɓi dattijon da ke daidai hannuna. Ashe Baba Sale ne, ladaninsu. Ya dubi ƙirjinsa, ya dube ni, ya ce, "Yaro, ni da kai za mu tsaya gaban Allah." Daga ranar aka hana shi kiran salla.

A wani garin daban asirina ya tonu. Mahaifiyar mai gidan da ya kira ni ba ta ji sharaɗina ba, ta turo kaskon turare don a karrama malam. Hayaƙi na tashi, hanyar hasken ta fito fili. Wani ya ce, "Kai, jama'a, ga jan zare nan daga hannun rigarsa!" Na sha duka, aka kai ni kotu, aka ɗaure ni.

Da na fito, yayana ya ce in zubar da tarkacen, kayan shaiɗan ne. Na ce, "Yaya, ba zan zubar ba. Hasken nan miƙe yake tafiya, bai taɓa zaɓar kowa ba. Hannuna ne ya zaɓa."

Na koma ƙauyen Baba Sale, inda har lokacin wasu ke cewa ai ɗigon bai sauka a kansa banza ba. Da kaina na nemi turare. Na haska ƙirjina, na haska tulu, na haska akuya. Na miƙa wa liman ya danna da hannunsa. Sannan na ce, "Ƙarya na yi wa bawan Allahn nan."

Baba Sale ya ce, "Ban yafe ba tukuna. Gonata ta rani, ruwa ba ya kai ƙarshenta. Tunda haskenka miƙe yake, zo ka daidaita min hanyar ruwan."

Samari, ku koyi haɗa waya, ku koyi gilashi. Wanda ya ce muku sihiri ne, kada ku saurare shi. Amma kada ku haska idon kowa, yana makantarwa. Kuma duk abin da kuka iya wanda mutane ba su gane ba, ku nuna musu yadda yake. Ranar da na ɓoye nawa a hannun riga, ranar na zama ɓarawo.

Na ɗora lezar a kan turke, na bi ɗigon ina kafa tsinke, ina saran tudu ina cike kwari. Aka saki ruwa, ya tafi har kunyar ƙarshe. Baba Sale ya tsuguna ya taɓa shi, ya ce, "To, ba na bin ka komai." Ya yi alwala a nan, ya nufi masallaci. Ina wanke fartanya na ji muryarsa tana kiran la'asar.