Kalmar da Kawu Ya Faɗa a Kan Kwalta

Kowa ƙafarsa yake kallo, shi kuwa wuƙaƙen yake ƙirgawa. Ina tsaye bai fi taku goma ba daga inda ya faɗi, na ga leɓensa yana motsi, idonsa yana bin kwalta daga wannan wuƙa zuwa waccan. Mutane sun ɗauka salati yake yi. Ni na san kawuna. Wuƙa tara ya zuba a jaka da safen nan a gabana, ga shi takwas yake gani a ƙasa.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne, a ɗakin ƙofar gidanmu yake zaune tun rasuwar matarsa. Sana'arsa wasa wuƙa, shi ya sa duk unguwa Mai Washi ake ce masa. Kekensa shi ne shagonsa. Ya kafa dutsen washi mai zagaye a gaban sirdi, ya haɗa shi da tayar baya da bel. In ya isa ƙofar mai aiki sai ya kafe keken, tayar baya ta ɗaga sama, ya hau ya dinga taka feda yana nan wuri ɗaya, dutsen na juyawa, tartsatsi na tashi. Shekara ashirin da biyu yana wannan. Teloli da almakashinsu, masu aski, mahauta, matan gida, duk sun san ƙarar ƙararrawarsa. Wuƙar da ƙotarta ta yi lako-lako yakan taho da ita gida ya gyara, ya ɗaura mata zare mai launi don kada ya manta mai ita.

Ba ya miƙa wa mutum wuƙa sai ta ƙota. In kuma ka zo masa kana huci, ka ce a wasa maka yanzu-yanzu, sai ya karɓa ya jefa a jaka ya ce, "Dutse ya gaji, ka dawo gobe." Ni Malama yake ce mini tun kafin in gama jami'a. Da na gama na samu koyarwa a wata ƙaramar firamare, sai ya ce, "Malama, ke da digirinki, ni da fedata, kowa dai a wuri ɗaya yake juyawa."

Ranar Talata ce, wajen bakwai da rabi na safe. Ina cikin masu jiran mota a bakin titi. Bas biyu suka taho suna rige-rigen fasinja, Kawu yana gefen hanya a kan kekensa, a hankali kamar kullum. Ta bayan ta wuce ta gaban, sannan ta karyo kai da ƙarfi zuwa inda muke tsaye. Gefenta ya doki kan keken. Na ji ƙarar ƙarfe, na ji wata ƙarar da ba ta ƙarfe ba. Tayar baya ta bi ta kan keken ta lanƙwashe shi, ƙafar Kawu ta dama tana ciki. Jakar ta fashe, wuƙaƙe suka watse a kan kwalta.

Direban bai samu buɗe ƙofa ba. Ta taga aka jawo shi, wani ya riƙe wuyan rigarsa, wani hannu, kansa ya fara isa ƙasa. Mutum ne da zai kai arba'in, da ɗan tawul a wuya. Ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Ku tsaya, ku tsaya," wani ya zuba masa ƙafa a baki. Daga nan ban ƙara jin maganarsa ba. Mutanen da muke tsaye tare da su yanzun nan, masu riga mai guga da jakar ofis, su ne suka cire bel suna tsula masa ta wajen ƙarfen. Wata mata ta kwaɗa masa kwanon abincinta a ka har murfin ya tashi. Aka farfasa gilasan motar, fasinjoji suna dira ta taga. Wani ya ɗauko rabin bulo da hannu biyu ya sake masa a kafaɗa. Jini ya bi ta kunnensa ya jiƙa tawul ɗin. Ni ko motsi na kasa.

Sai na bi idon Kawu, na ga wuƙa ta tara. Barho ce, babbar wuƙar mahauta, da jan zare a ƙota. Tana hannun mai ita, Dogo mahauci, wanda rumfarsa ke tsallaken titi, aminin Kawu tun suna samari. Daren jiya Kawu ya wasa ta har tana aske gashin hannu. Dogo yana ture mutane da kafaɗa, ya nufi inda direban yake kwance.

Kawu ya dafa kwalta ya ɗago rabin jikinsa. Ƙashi ya turo wandonsa a ƙasan gwiwa. Ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai ran nan.

"Na yafe! Dogo, ajiye ta. Na ce na yafe."

Dogo ya tsaya, wuƙar tana daidai kafaɗarsa.

"Ni aka buge ko kai? Na yafe masa. Kowa ya ji."

Kowa kuwa ya ji, har da masu ɗaukar bidiyo da waya. Mai bel ya sauke hannu. Dogo ya dubi wuƙar kamar wani ne ya saka masa ita a hannu, ya juyo ya durƙusa wajen Kawu. Kafin 'yan sanda su iso an ja direban an jingina shi da tayar motarsa, yana tofar da haƙori.

A asibiti likita ya nuna mana hoton ƙashin, ya karye wuri biyu. Ya ce sai an yi tiyata an sa ƙarfe cikin mako biyu. In ba haka ba zai haɗe a karkace. Kawu zai iya takawa da sanda, amma feda ya gama da ita. Kuɗin da aka faɗa, ko mun sayar da keken ɗinkin Umma, wato mahaifiyata, da duk abin da ke ɗakinta ba za mu kai rabi ba. Aka naɗe ƙafar aka sallame mu.

Bidiyon kuwa ya zagaya gari. Mutane suna ta zuwa dubiya suna sa masa albarka. Umma tana raka su ƙofa, ta dawo ta tsaya masa a ka.

"Yabon nan za mu kai wa likita? Kai dai tun kana yaro bakinka ya fi ka sauri."

"Yaya, wuƙar ni na wasa ta."

"To ka wasa mana kuɗin tiyata."

Rana ta tara kamfanin motocin ya kira mu. Ofishinsu a hawa na biyu yake, Dogo ne ya goya Kawu har sama, ni ina biye da sandunan dogarawarsa. Ɗaki ne mai sanyi, da dogon tebur da robobin ruwa a jere, masu gadi biyu a bakin ƙofa. Direban yana zaune a lungu. Idonsa ɗaya a rufe, an ɗinke leɓensa da baƙin zare, hannunsa rataye a wuya. Bai ɗago ya dube mu ba.

Manajan ya gaishe mu da fara'a, ya tambayi jiki, sannan ya ajiye wayarsa a tsakiyar tebur ya kunna. Muryar Kawu ta cika ɗakin. Ya bari ta faɗi "na yafe" har sau uku kafin ya kashe.

"Baba, duk duniya ta shaida ka yafe. Mu kanmu mun yi kuka da muka gani. Wanda ya yafe kuma ba ya dawowa neman diyya, ko ba haka ba?"

Ya turo takarda biyu. Kawu ya ce, "Malama, karanta mini, idona ba ya son ƙananan rubutu."

Na karanta. Ta farko ta ce tsautsayi ne, babu mai laifi, an yafe. Kamfani zai ba da taimako na sabon keke. Ta biyu ta ce laifin direba ne. Inshora zai biya tiyata da magani, amma za a kori direban, a karɓe lasisinsa, a miƙa maganar kotu.

"Mu ta farkon muke ba da shawara," in ji manajan. "Mutumin nan 'ya'yansa huɗu. Kuma ka san yadda mutane suke, yau suna yabonka, gobe su ce dattijo ya lashe amansa saboda kuɗi."

"Sabon keke," in ji Dogo. "Da wace ƙafar zai tuƙa, da taka?"

"Malam, da mai ƙafar nake magana."

Dogo ya miƙe. Kujerarsa ta kife. Ban ga lokacin da ya zagaya teburin ba, sai ganin direban na yi a tsaye, Dogo ya shaƙe shi ya haɗa kansa da bango.

"Buɗe baki ka faɗa musu abin da ka yi. Ya cece ka kana zaune kana kallon ƙasa kamar tunkiya."

Ɗinkin leɓen ya ɓalle, jini ya zubo a hannun Dogo. Masu gadi suka afko da kulki. Na farko ya sauka a bayansa, bai saki ba. Na biyu ya same shi a gefen kai, ya juyo ya damƙi mai gadin ya maka shi a kan tebur, robobin ruwa suka tarwatse, wayar manajan ta faɗi ta tsage. Ɗayan ya dinga zuba masa a gwiwa da haƙarƙari har ya durƙusa, bai kuma daina ba bayan ya durƙusa. Manajan yana bayan kujerarsa yana cewa a kira 'yan sanda. Kawu ya kama hannun mai gadin, shi kuwa ya fizge da ƙarfi har botiran rigar Kawu biyu suka tsinke, ƙafar da aka naɗe ta bugi ƙafar tebur. Kawu bai yi ƙara ba, sai fuskarsa da ta yi fari. Ya ɗaga sandarsa ya buga a kan tebur sau ɗaya.

Ɗakin ya yi tsit, sai nishin Dogo a ƙasa.

Kawu ya ɗan jima yana numfashi, sannan ya dubi direban.

"Ɗan'uwa, ka duba madubi kafin ka karyo?"

Direban ya goge baki da bayan hannu. "Ban duba ba."

"To." Ya juya wajen manajan. "Ranka ya daɗe, kashe shi na hana. Ramuwar duka na yafe. Ban ce bai buge ni ba. In da wurin da za a rubuta duka biyun, a rubuta."

"Babu. Ɗaya za ka sa wa hannu."

Kawu ya dubi takardun, ya dubi ƙafarsa. Ya sa babban yatsa yana shafa gefen takarda ta biyu, yadda yake gwada kaifi. Ya ce in nuna masa layin, na nuna, ya sa hannu a ta biyu. Ya daɗe yana zana sunansa, harafi ɗaya bayan ɗaya.

Direban ya zaro katin aikinsa daga aljihu da hannun da ke da lafiya, ya ajiye a jiƙaƙƙen tebur. Da ya zo wucewa ta gefen Kawu sai ya tsaya.

"Da ka bar shi ya soka mini ran nan, da yarana sun samu abin da kamfani ke ba iyalan mamaci. Yanzu me zan kai musu?"

Kawu ya dubi katin da ke kan tebur. Mutumin ya fita, muna jin takunsa a matakala har ya ɓace.

Dogo ba zai iya goyon kowa ba, da ƙyar yake riƙe kansa. Da zaune Kawu ya sauko, matakala ɗaya bayan ɗaya, ni ina riƙe da ƙafar a gaba don kada ta taɓa ƙasa. A hawa na farko Dogo ya ce, "Ai gaskiya ka faɗa." Kawu ya ce, "Rufe mini baki, Dogo."

Umma ta karɓi kwafin takardar, ta sa na karanta mata sau biyu, ta ce ranar Asabar ke nan za a shiga tiyata. Ta kawo masa abinci, ya ce a rufe tukuna. Maƙwabta biyu suka leƙo su ji yadda aka yi, ya ce in ce musu yana hutawa.

Da la'asar na wuce ta ƙofar ɗakinsa. Yana zaune a bakin katifa da singileti, ƙafar a miƙe bisa matashi, rigar a cinyarsa. Ya lashi bakin zare ya nufi kafar allura, ya kuskure, ya sake lasa, ya matsa wajen hasken taga. A karo na uku ya shiga. Ya ƙulla bakin zaren, ya fara ɗinka botirin sama.