Geron da Na Watsa wa Tsattsewa

Kwanan baya ina tsaye a tashar tram, jirgin ƙasan cikin gari, a Villeurbanne da ke gefen Lyon, na ji wata tsuwwa sama da kaina. Da na ɗaga ido sai ga tsattsewa jere a kan waya, suna tashi suna komawa. Watan Satumba ne, shirin tafiya suke yi. Tram ya zo ya wuce ban shiga ba. Bari in gaya maka abin da ya tsayar da ni.

Ina 'yar ƙaramar makaranta kakata ta zo mana Stains, unguwarmu a gefen Paris, daga Damagaram. Mahaifiyar babana ce, Iya muke ce mata. An kawo ta ne a cire mata yanar ido, kuma tun a filin jirgi ta sanar da kowa cewa ba zama ta zo yi ba. Ɗaki ɗaya aka haɗa mu. Zannuwanta ƙanshin turaren wuta da daddawa suke yi, ni kuwa da nake toshe hanci a kwanakin farko, kafin wata ya cika ba na iya barci sai na cusa fuska a bayanta. Hausata a lokacin rabi Faransanci ce. Iya ta ce bakina kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, ta zauna ta gyara shi da tatsuniya da zagi mai daɗi.

Gidanmu a hawa na sama yake, da ɗan baranda da bai fi tabarma ɗaya ba. Ranar da aka kwance mata bandeji can ta nufa. Ta daɗe tana kallon lungun rufi, inda wasu tsuntsaye suka manna sheƙoƙin laka. Ta ce waɗannan ai ta san su, su ne ke shawagi bisa tafkin garinsu in ruwan sama ya ɗauke. Ashe nan suke zuwa ɓoyewa. Daga ranar barandar ta zama fadarta. Tana cin goro tana lura da wadda ta yi ƙyanƙyasa da wadda mijinta malalaci ne, tana ba ni labarinsu kamar maƙwabta.

Wata rana na tambaye ta yaushe za ta koma. Ta nuna su da haɓa.

"Ran da waɗannan suka tashi, ni ma na tashi. Tare muka zo, kuma ina son in iske girbi."

Ni kuwa ban so ta tafi ba. Na yi lissafina irin na yara: tsuntsu yunwa ke korarsa, in ya ƙoshi ina za shi? Babana kan sayo wa Iya gero a kasuwar unguwar Goutte d'Or a Paris don fura, ko da yake kullum sai ta ce geron nan bai san rana ba. Na riƙa dumbuzarsa ina watsawa a baranda da bakin taga kafin in tafi makaranta. Tsattsewa ko kallo bai ishe su ba. Tattabarun unguwa kuwa suka ji labari, suka zo da danginsu kaf, suka ɓata shanyar maƙwabtanmu na ƙasa, har mai gadin gidan ya hau ya yi wa mahaifiyata faɗa.

Iya ta yi dariya har da share sabon idonta. Ta jawo ni jikinta.

"Ƙawata, tsattsewa ba ta cin tsaba. A iska take kama abincinta. Ba ki da abin da za ki ba ta ta zauna."

Sanyi ya fara shigowa da safe, ganyen itatuwa ya soma ja. Tsuntsayen suka bar sheƙa suka koma taruwa a kan wayoyin bayan gidan, kullum suna ƙaruwa. Iya ta wanke kayanta, ta ɗaure tsarabar jikokinta na gida, ta ajiye jaka a bakin ƙofar ɗaki. Sai likita ya ce jininta ya hau, zuciyarta kuma tana son a sa mata ido. Babana ya durƙusa gabanta ya ce ta yi haƙuri sanyi ya wuce, a nan akwai magani, can kuwa asibiti da nisa. Ta dube shi ta ce, "To, yadda ka gani." Ni na fita tsakar gida ina tsalle. Ban taɓa yin murna irin ta ranar ba, kuma har yau in na tuna da ita sai ƙirjina ya yi nauyi.

Da safen da tsuntsayen suka tafi ba makaranta. Na iske Iya a baranda ta lulluɓa da bargo. Wayoyin sun yi baƙi da tsuntsaye. Suka tashi gaba ɗaya, suka kewaya saman gidaje, suka dawo, suka sake tashi, wannan karon ba su dawo ba. Ta bi su da ido har suka ɓace ta bayan dogayen gidajen kudu. Na jira ta yi mini ba'a ko ta ba su saƙo, sai kawai ta miƙe ta naɗe bargonta. Da ta shiga ɗaki sai ta tura jakar ƙarƙashin gado, ba ta kwance ta ba.

Ba ta ga ƙarshen sanyin ba. A wata makabarta a bayan Paris aka binne ta, cikin laka da yayyafi, nesa da mijinta da iyayenta. Mutane ƙalilan ne suka raka ta, mafi yawansu abokan aikin babana da ba su taɓa jin muryarta ba.

Yanzu an yi wa gidan na Stains sabon fenti, an kankare sheƙoƙin, mu ma mun watse. Ni aiki ya kawo ni Lyon. Babana ya tsufa, ga ciwon sukari, kuma bana ya fara maganar komawa Damagaram. Ƙanena ya ce sam, a nan likitocinsa suke, kuma gaskiya ya faɗa. Na je Paris muka zauna mu uku. Babana bai yi gardama ba, ya juyo gare ni kawai.

"Ke me kika gani?"

Ina son ya zauna kamar yadda na so Iya ta zauna, ko ma fiye. Na ce, "Baba, ka tafi tun kana hawa jirgi da ƙafarka."

Ni na kai shi filin jirgi. A bakin ƙofar da ba a barin 'yan rakiya su wuce ya riƙe hannuna ya sa mini albarka, sannan ya ce a hankali, "Da ma haka na yi wa Iya." Ya juya ya shiga layi yana jan jakarsa, ni kuma na tsaya har na daina hango hularsa.