Masaukin Ruwa

A Unguwar Lalle na tashi, a hannun kakata Inno. In damina ta kankama, da an idar da magariba sai mu taru a ɗakin girkinta, mu jikoki biyar, tana gasa mana masara a bakin murhu, yayyafi na sauka kan jinka.

"Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri," in ji ta. Mu ce ta shigo mu ji ta.

Tatsuniyar da na fi riƙewa ita ce ta wani gari da Ruwa ke kai wa ziyara duk shekara. In ya zo, tsamiya da gawo da durumi ke tarbarsa. Su tare shi da ganye, su sauke shi a hankali, saiwoyinsu su kai shi ƙarƙashin ƙasa ya huta. Sai wani attajiri ya ce itatuwan sun tsare masa filin gini, ya sa aka sassare su. Da Ruwa ya dawo ya yi sallama, shiru. Ya bi lungu-lungu yana cigiyar masu masaukinsa, har ya faɗa gidan attajirin, ya tafi da rumbunan geronsa.

Na ce, "Inno, ashe Ruwa mugu ne?"

Ta ja kunnena. "Kai maigidana, ba mugu na ba, baƙo na. Baƙon da ba a shimfiɗa ma tabarma ba, inda yas samu nan za shi kwanta."

Yanzu a garin Isa nake koyarwa. Da can darbejiyoyi ne jere a layinmu, aka sare su aka gina shaguna, aka malale ko'ina da siminti. Bara ruwa ya shigo mana da la'asar, har gwiwa. Katangar maƙwabcina Malam Umaru ta rufta kan awakinsa. Ina tsaye da 'yata a kafaɗa, littattafaina na yawo a tsakar gida, ba abin da nake ji sai muryar tsohuwar nan.

Bana ni da Malam Umaru mun dasa itatuwa takwas, mun kewaye su da ƙaya saboda dabbobi. Ko ƙuguna ba su kai ba tukuna.

Inno ta rasu ina makarantar horon malamai, tun ina ɗauka nishaɗi kawai take ba mu. Ban samu na gaya mata na gane ba. Da za a ara mini ita yammaci ɗaya, ba sabuwar tatsuniya za ni roƙa ba. Waccan dai za ni ce ta maimaita, in fita in kirawo mutanen layinmu kaf, har da masu shagunan, su zo su zauna.